Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malamin da ya yi tambaya kan kifi mai idanu biyu a gefe ɗaya

Assalamu alaikum, Malam.

Ka yi mana tambaya a bainar jama'a bayan ɗalibanka sun ga hoton wani kifi mai faɗi, idanunsa biyu a gefe guda, bakinsa a karkace. Ka ce shin nakasa ce ko haka jinsinsa yake, kuma shin shi ne kifin rey. Ba nakasa ba ce, ba kuma rey ba ne.

Mu fara da inda aka fi yin kuskure. Wannan kifi ba a kan cikinsa yake kwance ba, a kan gefensa yake. Rey dangin shak ne, wato babban kifin teku mai farauta, guringuntsi gare shi maimakon ƙashi, an danne shi daga sama zuwa ƙasa, saboda haka idanunsa suna kan bayansa, ɗaya dama ɗaya hagu. Kifin da ka gani kuwa mai ƙashi ne, an matse shi daga gefe da gefe, sai ya kwanta. Farin ɓangaren da ke taɓa yashi gefen jikinsa ne. Masana suna kiran rukuninsu Pleuronectiformes, kuma jinsunansu sun kai kusan 800.

Ranar da ya fito daga ƙwai, ba ka bambanta shi da ɗan kowane kifi: ido ɗaya a kowane gefe, yana iyo a miƙe a saman ruwa. Sai bayan kwanaki ko makonni, a yawancin jinsuna lokacin da tsawonsa bai wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba, sauyi ya fara. Sinadarin ƙullin tayrod ne ke tayar da shi, ƙullin nan da kumburinsa ke kawo maƙoƙo ga mutum. Ƙasusuwan kai, waɗanda ba su gama ƙarfi ba, sai su murɗe, ido ɗaya ya hau ta saman kai ya sauka kusa da ɗan'uwansa. Ɗan kifin ya fara iyo a karkace, jakar iskar da ke taimaka masa yawo a saman ruwa ta ɓace, launi ya taru a gefen idanu, ya sauka ƙasan teku. Da yawa fiffiken baya yakan jira ido ya wuce kafin ya miƙo gaba zuwa kai. A wasu jinsunan fiffiken ya riga ya iso, sai idon ya ratsa ta wata tsaga tsakaninsa da kan.

Idan kana son ɗalibai su gane da idonsu, ga yadda ake yi. A ajiye kifin ko hotonsa, gefen idanu yana kallon sama, ɓangaren hanji, wanda ke dab da bayan kai, yana wajen mai kallo. Idan kan ya fuskanci dama, mai idon dama ne. Idan hagu, mai idon hagu. A kula, hoton da aka juya wajen bugawa yana ɓata wannan gwaji. A cikin kifayen wannan rukuni, waɗanda ake kira halibut da sol na dama ne. Tarbot da kifayen nan masu siffar harshe na gidan Cynoglossidae na hagu ne. Ƙa'idar tana da ɓaraka: jinsin Platichthys stellatus kusan dukkansa na hagu ne a Japan, amma a gaɓar yammacin Amurka kusan rabi da rabi ne.

Wanda muka fi so a nuna wa ɗalibai shi ne Psettodes, da ke tekun Indiya da gaɓar Afirka ta Yamma. Idonsa mai ƙaura yana tsayawa a ƙoli bisa kai bai ƙarasa sauka ba, yana da ƙayoyi a fiffiken baya, kuma ana samun na dama da na hagu. Wannan ya shafi tsohuwar muhawara. A 1871 wani masanin halittu, Mivart, ya ƙalubalanci Darwin, mai ra'ayin cewa halittu a hankali suke sauyawa, ya ce idon da ya yi rabin tafiya ba shi da amfani. A 2008 wani masani, Matt Friedman, ya nuna cewa burbushin kifaye biyu, Amphistium da Heteronectes, masu kimanin shekara miliyan 50, manya ne amma idon ya matsa sama bai haye ba, wato kifaye masu idon da ya yi rabin tafiya sun taɓa rayuwa.

Baki ma yana faɗa maka abin da kifin ke ci. Halibut da tarbot suna da babban baki mai haƙora, suna farautar wasu kifaye. Sol bakinsa ƙarami ne a lanƙwashe, haƙoran suna gefen da ba ido, domin tsutsotsin cikin yashi yake tsinta, galibi da dare. Girma kuwa tazarar tana da yawa: halibut na tekun Atlantika yana iya haura kilo 300, wasu jinsunan ba sa wuce tsawon yatsa. Yawancinsu na teku ne, amma akwai na ruwan daɗi a kogin Amazon. Wani sol na Bahar Maliya, Pardachirus marmoratus, yana fitar da farin ruwa mai guba da ke korar shak.

Sauya launi da idanu yake farawa. Kifin yana kallon ƙasan da yake kai, ƙwaƙwalwa ta aika saƙo zuwa ƙwayoyin launi na fata, su baza baƙin da ke cikinsu ko su tattara shi. Wasu jinsunan Bothus suna yin haka cikin daƙiƙu. Idan kifin ya rasa gani, ba ya iya daidaita launinsa da wurin. Sannan yana kaɗa fiffike ya yayyafa wa kansa yashi, idanu kawai a waje, kowanne yana juyawa shi kaɗai.

Nakasar gaskiya akwai ta, kuma a gonakin kiwo aka fi ganinta, inda ake kiwon halibut a Norwe, tarbot a Sin da Sifen, da wani jinsin da ake kira hirame a Japan da Koriya. Uku ce aka fi sani: ido ya maƙale a hanya, gefen idanu ya fito fari, ko gefen ƙasa ya yi duhu. Tushen matsalar yawanci abincin makonnin farko ne. 'Ya'yan halibut da aka ciyar da ƙananan halittun teku da suka saba ci a muhallinsu na asali sun fi kammala sauyi lafiya fiye da waɗanda aka ba Artemia zalla, wato wata ƙaramar halittar ruwan gishiri da ake ciyar da 'ya'yan kifi da ita, domin Artemia tana da ƙarancin sinadarin aidin da wani irin kitse da ake kira DHA. Yawan wani kitsen da ake kira ARA kuma yana jawo farar fata. Da zarar sauyi ya wuce, gyara ya ƙare; ƙarin abinci daga baya ba ya mayar da ido. Zafin ruwa ma yana da tasiri: a hirame, idan ya yi yawa lokacin ƙuruciya, yawancin 'ya'yan sai su zama maza, alhali mata sun fi girma, don haka asara ce ga mai kiwo.

Saboda haka, Malam, idan kifin hoton yana da idanu biyu cikakku a gefe mai launi, ɗaya gefen kuma fari ne tas, lafiyarsa ƙalau. Wanda idonsa ya tsaya a tsakiyar kai shi za a bincika, sai dai idan Psettodes ne.

Allah ya ƙara wa ɗalibanka basira. Wassalam.