Zuwa ga masu kawo mana casa: ƙarin kuɗi da maganar "kuɗin hayaƙi"

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa.

Tun da muka ƙara kuɗin casar buhun shinkafa, layin da ke ƙofar injinmu ya ragu, kuma na ji abin da ake faɗa ranar kasuwar Kura: wai Turawa sun biya mu "kuɗin hayaƙi" saboda farantan sola da muka ɗora a rufi, amma duk da haka muka tsawwala wa jama'a. Maganar ta yi mini zafi. Wallahi ko kwabo ba mu karɓa ba.

Maganar "kuɗin hayaƙi" da aka jiyo a rediyo tana da tushe, sai dai ba tamu ba ce. Tarayyar Turai ta fara tsarin cinikin izinin fitar da hayaƙi a 2005, ƙasar Sin ta bi a 2021. Gwamnati ke yanka wa manyan tashoshin lantarki iyakar hayaƙin da za su fitar, kowane tan ɗaya sai da takardar izini. Tashar da ta wuce nata dole ta sayi ƙari, wadda ta rage ta sayar da rarar. A nan, Buhari ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a Nuwamban 2021, dokar kuma ta buɗe ƙofar irin wannan tsari. Amma magana ce ta tashoshi masu ba birane wuta da manyan masana'antu. Ina ruwanta da injin casa na ƙauye? Solarmu fitilu take kunnawa da famfon rijiya, ba ta iya juya injin.

Abin da ya karya mu man dizal ne. Wuta in ta zo sai cikin dare, ba ta da ƙarfi, janareta ke aiki tun safe har magariba. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuɗin dako ya tashi, naira ta faɗi, bel da rariya da baƙin mai duk suka bi. Mai kawo mana dizal, wanda da yake ɗaga mana ƙafa zuwa ƙarshen mako, yanzu sai kuɗi hannu. Wata da watanni ina cikewa daga aljihuna, har kuɗin ɓuntu da dusa ya daina rufe giɓin.

Muna duba hanyoyin rage kashe kuɗi, akwai kuma waɗanda muke magana da su. In Allah ya yarda za ku ga sauƙi.

Iyayenmu matan gumi, wasunku tun Baba na da rai kuke kawo shanshera nan, kun san ni tun ina share ɓuntu da tsintsiya. Manoman Kadawa da Garun Malam da ba su taɓa canza mu ba, Allah ya saka da alheri. Ba mu taɓa taɓa muku ko tiya ɗaya ba. Wanda ƙarin ya yi wa nauyi ya same ni bayan la'asar mu yi magana, kafin ya ɗauki buhunsa zuwa wani wuri.

Naku,
Mai injin casa na bakin hanya