Hauren giwayen Saiberiya da makomar giwayenmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu ga wani lamari da ke faruwa a arewacin Rasha, wanda ya shafe mu fiye da yadda ake zato.

A watan Mayun 2007 wani makiyayi ɗan ƙabilar Nenets ya tsinci gawar jaririyar giwa a bakin kogin Yuribei, a yankin Yamal. Ba irin giwarmu ba ce, mamot ce, wato giwar nan mai dogon gashi wadda ragowar irinta suka ƙare a tsibirin Wrangel kimanin shekara 4,000 da suka wuce. Masana sun ƙiyasta cewa ta yi kusan shekara 42,000 a cikin daskararriyar ƙasa, amma fatarta da hancinta suna nan, har da nonon uwarta a cikinta, ga kuma laka a maƙogwaronta, alamar cewa tabo ne ya shaƙe ta tana da wata guda a duniya. Kafin masana su iso, karnuka sun gutsure mata kunne da wutsiya. An raɗa mata suna Lyuba, yanzu tana gidan adana kayan tarihi na garin Salekhard.

Gawarta ta tsira, amma yawancin irinta ba sa samun wannan gata. Yayin da ƙanƙara ke narkewa, masu neman haure a Yakutiya, wani yanki na Saiberiya, suna fasa gaɓar koguna da injin feshin ruwa, su zare hauren su watsar da sauran ƙasusuwan, alhali a jikinsu ne ake gane abin da dabbar ta ci da abin da ya kashe ta. Wannan asara ce da ba ta da mayarwa.

Abin da ya fi damuna shi ne kasuwar. Ƙasar Sin ta haramta cinikin hauren giwa a ƙarshen 2017, amma na mamot bai shiga haramcin ba, kuma da zarar an sassaƙa haure ya zama ɗan abin ado, ba kowane ido ke iya bambanta su ba. Ta wannan ƙofa ake iya sayar da hauren giwar da aka harbe a Afirka da sunan na mamot.

Saboda haka ina kira ga hukumominmu da su horar da jami'an kwastam kan gane bambancin, su kuma goyi bayan sa ido kan wannan ciniki a tarukan CITES, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa, domin 'yan giwayen da suka rage mana a Yankari ba su da yawan da za su jure wa mafarauta.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Bauchi