Jari-hujja da gurguzu: wa zai tuhumi mai mulki?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in sa baki a muhawarar da matasanmu ke yi a majalisun Katsina, inda wasu ke cewa gurguzu ne maganin talaucinmu. Na fahimci zafinsu. Tun daga SAP, shirin gwamnati na gyaran tattalin arziki na 1986, zuwa cire tallafin man fetur a 2023, talaka ake ce wa ya ƙara haƙuri, masu uwa a gindin murhu kuwa suna saye kadarorin gwamnati. Jari-hujja irin wannan ba adalci a cikinsa.

Amma gurguzu ma bai kashe cin hanci ba. A Tarayyar Sobiyet manyan jam'iyya na da kantunansu na musamman, talaka na bin layin burodi, har ƙasar ta wargaje a 1991. Ita kanta Sin, tun 2012 take ɗaure manyan jami'anta saboda rashawa. Batun 'yanci ya fi damuna. Katangar Balin da aka gina a 1961, mutanen Jamus ta Gabas aka yi ta domin hana su fita, an kuma harbe masu yunƙurin tsallakewa. Jarida irin taku ba za ta buga wasiƙar sukar gwamnati a can ba.

Malam Aminu Kano da jam'iyyarsa ta NEPU sun tsaya wa talaka, amma ƙuri'a suka nema, ba jam'iyya ɗaya tilo ba. Tafarkin da nake so matasanmu su bi ke nan: kasuwa a buɗe, makaranta da asibiti a wuyan gwamnati, ɓarawon dukiyar jama'a kuma ya gurfana gaban alƙalin da ba ya tsoronsa.

Naka,
Mai karatunku daga Ƙofar Ƙaura, Katsina