Ba rashin jari ne kaɗai ke kashe shago ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in sa baki a maganar da ake ta yi cewa matasa su kama sana'a. Duk wanda ka tambaya me ya hana shi, sai ya ce jari. Ni kuwa shagona na farko da jarinsa ya mutu, kuma ni na kashe shi.

A 2016 na buɗe shagon kayan masarufi a unguwarmu. Ciniki kam alhamdulillahi. Sai dai aljihuna da akwatin shago ɗaya ne. Kuɗin cefane daga nan, gudummawar biki daga nan, maƙwabci ya aiko yaro a ba shi sabulu "kafin ƙarshen wata". A bayan kwalin madara nake rubuta bashi, ranar da aka share shago an share bashin. Kafin shekara ta zagayo na koma jera kwalaye marasa komai a kanta don kada a gane kaya sun ƙare.

Dattijon da nake sari a wurinsa a kasuwar Singa ne ya zaunar da ni, ya ce, "Yaro, riba kake ci ko uwa?" Na kasa amsawa, don ban taɓa lissafawa ba. Da na sake buɗewa, shi ya sa na yanka wa kaina albashi, na sayi littafi mai bango, na daina jin kunyar cewa babu bashi.

Wannan littafi ne ya cece ni bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, lokacin da dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ka sayar da katan na taliya har da ribarka, ka je Singa ka tarar kuɗin ba su sayen wani katan ɗin. Dole na koma sa farashi da kuɗin da zan saro gobe. An ce mini mai tsada, har wani ya daina gaishe ni. Biyu daga cikin masu arahar layinmu yanzu shagunansu a rufe suke.

Ana yawan kawo misalin Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 amma har yau zuriyarsa na kasuwanci. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tun yana raye ya sa 'ya'yansa cikin harkar. Mu kuwa shaguna nawa muka ga sun watse ranar rabon gado, saboda mamaci ne kaɗai ya san wa yake bi, wa ke binsa?

Shi ya sa duk Asabar ɗana mai shekara 14 ke riƙe littafin. Makon jiya na ɗebi sukari gwangwani biyu na gida, ya ce, "Baba, a rubuta ko za ka biya yanzu?" Na biya.

Naka,
Wani mai shago, Ɗorayi, Kano