Kilomita 400 ba tafiyar rabin awa ba ce a jirgin sama

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina da ƙorafi kan yadda ake ba da labarin zirga-zirgar jiragen sama tsakanin ƙananan filayen jirgi. Sai a rubuta cewa tsakanin gari kaza da gari kaza kilomita 400 ne, jirgi kuma yana gudun kilomita 800 a awa, don haka tafiyar rabin awa ce. A takarda lissafin ya fita. Amma mai karatun da ya tsara ranarsa a kan wannan rabin awar, ya sa lokacin ganin likita ko na jarrabawa, shi aka cuta.

Nisan da ake ambatawa miƙaƙƙen layi ne, jirgi kuwa ba shi yake bi ba. Yakan tashi yana fuskantar iska ko da garin da zai je yana bayansa, sannan ya karkato ya hau hanyar da masu kula da sararin samaniya suka ba shi. Wancan gudun na 800 sai ya kai can sama yake samunsa. A ƙasashe da yawa doka ta hana jirgi wuce kimanin kilomita 460 a awa matuƙar yana ƙasa da ƙafa 10,000, kuma a gajeriyar tafiya hawa da sauka su ke cinye kaso mai yawa na hanyar. Kafin ma'aikatan jirgi su gama zagayawa da keken ruwa, an riga an kunna fitilar ɗaura bel. Shi ya sa jirgi mai farfela irin ATR 72, wanda gudunsa bai wuce kimanin kilomita 500 a awa ba, ba a yi masa nisa a irin wannan tazara. A ganina mutane suna raina shi ne ba gaira ba dalili.

Lokacin da ke kan tikiti ma daga barin wurin da jirgin yake fake ne zuwa tsayawarsa a ɗaya filin. Bai haɗa da zuwa filin ba, da layin awon kaya, da bincike, da tsayuwa gaban injin da ke fito da jakunkuna kana ƙare wa kowace baƙar jaka kallo. Idan kuma babu jirgi kai tsaye tsakanin garuruwan biyu, wanda shi ne halin yawancin ƙananan filaye, sai an bi ta babban birni an sauya jirgi, wuni ya tafi ke nan.

Faransa ta yi la'akari da irin wannan a 2023, lokacin da ta hana jigilar fasinja ta sama a wasu hanyoyin cikin gida inda jirgin ƙasa ke kaiwa cikin ƙasa da awa biyu da rabi, kamar daga filin Orly na Paris zuwa Bordeaux, Nantes da Lyon. Hayaƙin jirage ne babban dalilin dokar, amma ma'aunin da aka ɗauka lokacin matafiyi ne.

Don Allah idan wakilanku za su kawo irin wannan labari, su tambayi kamfanin lokacin da ke kan tikiti, da ko jirgin kai tsaye ne, da kuma sau nawa yake tashi a mako.

Naku,
mai karanta jaridarku a kullum.