Takardar Koke Kan Garin Malbaza

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jahar Tahoua

Ranka ya daɗe, muna gaisuwa da fatan alheri.

Mu mazauna Malbaza muke kawo kukanmu. Tun 1964 aka kafa masana'antar suminti a nan, kuma shekaru da dama ita kaɗai ce a duk Nijar. Da buhunan garin nan aka ɗora makarantu, gadoji da ofisoshi har Yamai da Damagaram. A 2011 Malbaza ta zama gunduma, a 2018 ta samu tashar lantarki ta hasken rana mai megawat 7. Suna kam akwai shi. Amma garin da ya gina wasu bai da ko filin ajiye manyan motoci.

Ton ɗaya buhu 20 ne na kilo 50, mota ɗaya kuwa takan ɗauki ton 30 ko fiye. Masu jiran lodi, da masu kwasar albasar Galmi, duk a gefen babbar hanyar Konni zuwa Madawa suke kwana. Taya ta danne bakin kwalta ya tsage, ruwan damina ya shiga ƙarƙashi, ƙasa ta yi laushi, kafin kaka rami ya buɗe. Cike shi da yashi aikin banza ne, ruwan farko ke tafiya da shi. Da dare kuma mai babur ba ya ganin motar da aka tsayar ba fitila sai ya zo kanta.

Muna roƙon a ware fili a wajen gari, a zuba tsakuwa da jar ƙasa, a danne da injin, a karkata shi kaɗan don ruwa ya gangara cikin magudana. A sa fitilu da bayi, a kuma riƙa auna nauyin mota kafin ta hau hanya.

Sai ramukan tonon jips, dutsen da ake niƙawa kaɗan cikin suminti don kada ya yi saurin daskarewa. Talakawa ke tono shi da diga da shebur, abincinsu ne, ba mu ce a hana ba. Amma ramin da aka bari buɗe yakan cika da ruwa, sauro ya hayayyafa, dabba ko yaro ya faɗa. A sa doka: wanda ya gama rami ya mayar da ƙasarsa kafin ya buɗe wani, mai gari kuma ya sa ido.

Muna jiran tawagar da za ta zo ta gani da idonta kafin damina ta faɗi.

Allah ya ja zamaninka.

Mazauna garin Malbaza