Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Yankin Greater Accra: Yashe Kaɗai Ba Zai Rayar da Tafkin Korle Ba

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Mu ma'aikatan ruwa da tsafta ne, mazauna Nima da Sabon Zango. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi daga Korle alama ce cewa iskar oksijin ta ƙare a ƙasan ruwan.

Kifi yana son kusan miligiram 5 na oksijin a kowace lita. Idan ta faɗi ƙasa da 2, wanda ya samu hanya ya gudu, saura su mutu. Ruwa mai zafin digiri 30 kuwa, ko da tsabtatacce ne, bai riƙe fiye da 7.5, don haka dama rarar tamu kaɗan ce.

Kogin Odaw ne ke kwaso kwatamin Nima, Alajo da Agbogbloshie ya juye a tafkin: bayan gida, jinin yanka, ruwan omo, ruɓaɓɓen kayan gwari. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da su suna shanye iskar. Naitirojin da fosfaros ɗin ciki kuma taki ne ga gansakuka, ta yi yawa, ta mutu, ta nutse, ruɓewa ta sake farawa. Ruwan teku mai gishiri ya fi nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, iskar sama ba ta kai masa.

Yashe yana rage ambaliya, kuma babu wanda ya manta mummunar ambaliyar da ta auka wa Accra ranar 3 ga Yuni 2015. Amma motsa tsohuwar laka yana sakin abin da ke binne, ya ƙara cinye iskar na ɗan lokaci. Lakar da aka jibge a gaɓa kuma, ruwan farko ne zai mayar da ita.

Roƙonmu, a tare matsalar daga sama. Ruwan da ke bin manyan kwatami da rani kusan duk ƙazanta ne, kuma ba shi da yawa. A datse shi, a tura shi matata kafin ya isa tafkin. Motocin kwasar masai su sauke a matatar Lavender Hill kawai, a riƙa duba rasidinsu. Masu yanka su tara jini daban.

Batun awo ma a gyara. Da rana gansakuka na fitar da oksijin, sai na'ura ta nuna kamar lafiya lau. A umarci hukumar kare muhalli, wato EPA, ta riƙa aunawa da asuba, sama da ƙasan ruwa, daga inda Odaw ya ratsa shataletalen Kwame Nkrumah Circle zuwa bakin teku, kowane mako, a kuma liƙa sakamakon inda masuntan Jamestown za su gani.

Allah ya taimaki Minista.